Esin tsohuwar Marsandi 500SL ba ya riƙe gas: a cire dashbod ko a dakata?

Magajin Marsandi, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawa da matasan wannan zaure, musamman waɗanda Allah ya ba sanin gyaran na'urar sanyaya mota, wadda bakin kowa ya saba kira esi. Na zo da wata matsala da ta sha mini kai tun farkon bazarar bana, kuma ina so in ji ta bakin masana kafin in yarda a yi wa motata aikin da zan zo ina da-na-sani a kansa.

Motar Marsandi ce ƙirar 500SL ta 1990, mai ƙofa biyu, wadda ake naɗe rufinta, irin da kamfanin ya sa wa lamba R129. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, kuma bayan rasuwarsa ta shekara shida a cikin rumfa ba a tayar da ita sai jefi-jefi. Da aka zo rabon gado na roƙi 'yan'uwana su bar mini ita a cikin kasona, domin a cikinta yake kai ni makaranta ina ƙarami, kuma har yau idan na buɗe ƙofarta ƙamshin fatar kujerun yana tuna mini da shi. Bara na sa hannu a gyaranta, injin ya tashi lafiya, an sake birki da tayoyi, rufin ma yana hawa yana sauka. Esi kaɗai ne ya gagara.

A watan Maris na kai ta wani gareji, mai gyaran ya ɗaura tiyo ya ɗura gas daga wata babbar silinda, yana taɓa bututu da bayan hannunsa har ya ce ya isa. Sanyi ya zo, na yi murna, amma kafin mako uku ya cika iska mai ɗumi kawai ke fitowa. Na koma aka ƙara, na sake komawa a karo na uku, kuma kowane karo kwanakin sanyin raguwa suke yi. Ko a kwanakin da gas yake ciki na lura da abu biyu. Idan na hau titin Zariya da safe ina ɗan gudu sanyin yana da daɗi, amma da zarar na shiga cunkoso da tsakar rana sai ya dusashe, allurar zafin inji kuma ta fara ɗagawa. Na biyun shi ne, wani lokaci kwamfireso, wato famfon da ke matse gas ɗin esi, yana ɗaukewa ɗif, ba ya dawowa sai na kashe motar na sake tayar da ita.

Da na buɗe bonet na duba da kaina, na ga tsohuwar takardar kamfani a manne tana cewa irin gas ɗin esin R12 ne, alhali bakunan ɗura gas an ɗaura musu wasu kawuna masu murfi shuɗi da ja, waɗanda mai gyaran ya ce na wani irin gas ne daban mai suna R134a. Ban sami wata takarda a cikin kayan marigayi da ta nuna lokacin da aka yi wannan sauyi ba. Na kuma ga baƙin maiƙo da ƙura ta manne masa a gaban kwamfireso, har ya fallatsa a jere kan tiyon da ke kusa, kamar an watsa shi da tsintsiya.

Yanzu mai gyaran ya ce ibaforeta, wato ɓangaren da ke sanyaya iskar da ke shigowa cikin mota, ce ta huje, kuma ba a kai wa gare ta sai an cire dashbod gaba ɗaya. Wannan ne ya tsayar da ni, saboda katako da robar da ke jikin dashbod ɗin sun haura shekara talatin, kuma na san abin da ya karye a nan samun irinsa ba ƙaramin aiki ba ne. Shin akwai hanyar tabbatar da inda yoyon yake kafin a cire komai? Wane gas ya dace da motar yanzu, kuma ta yaya ake sanin adadin da ya kamata a ɗura? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Mai Gyaran Esi, Kaduna

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci moriyar abin da ya bari. Na fi shekara talatin ina wannan sana'a kafin idona ya yi rauni in bar wa yara garejin, kuma Marsandin wancan zamani da yawa sun bi ta hannuna. Shawarata a taƙaice ita ce kada ka bari a kwance ko da noti ɗaya a dashbod ɗin nan tukuna, kuma kada ka sake biyan kuɗin gas a karo na huɗu.

Gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, kuma aiki ba ya cinye shi. Zagayawa yake yi a rufe: kwamfireso ya matse shi ya yi zafi, ya tura shi kwandensa da ke gaban lagireto inda iska ke huce shi ya koma ruwa, ya bi ta diraya wadda ke tsotse laima ta tace datti, sannan ya ratsa wani ƙaramin bawul ya fesu cikin ibaforeta, a nan ya tafasa ya kwashe zafin iskar da ake hura maka. Daga nan ya koma kwamfireso. Motar da take lafiya tana iya yin shekaru ba a ƙara mata komai ba. Saboda haka gas da ya ɓace cikin mako uku yana da ƙofar da yake fita, kuma ƙofar ba ƙarama ba ce. Abin da ya fi damuna ma shi ne, duk inda gas ya fita, man kwamfireso yana biye da shi, domin tare suke yawo. An ƙara maka gas sau uku, amma ban ji ka ce an ƙara mai ko sau ɗaya ba. Haka kwamfireso mai lafiya yake mutuwa a hannun mai ƙara gas.

Maiƙon da ka gani shi ne shaidarka ta farko. A gaban kwamfireso akwai sil da ke rungume da sandar da ke juyawa, kuma man da ke zagayawa ne ke sa shi laushi. Mota da ta shekara shida a ajiye, wannan sil ya bushe ya ƙage, haka ma zobban robar da ke kowace mahaɗa. Ba na cewa ibaforetarka lafiya lau take, domin gaskiya ne cewa Marsandin waɗannan shekaru suna da wannan larura, kuma gaskiya ne cewa sai an cire dashbod ake kai wa gare ta. Abin da nake cewa shi ne, mutum ba ya tsallake yoyon da ke gaban idonsa ya tafi neman wanda bai gani ba.

Ga yadda za a yi. A kwashe ragowar gas ɗin, sannan a cika layin da busasshen naitirojin har geji ya kai kimanin 150 psi (ma'aunin matsi), kada a wuce haka sosai a kan tsohuwar ibaforeta. A rufe bawul, a rubuta lambar da allura ta tsaya, a kuma kwaɓa ruwan sabulu mai kauri a bi kowace mahaɗa da buroshi: bakin kwamfireso, bayan kulocinsa, kusurwoyin kwandensa inda duwatsun hanya ke dukanta, kan diraya da suwic ɗin da ke jikinta, wuraren da aka matse tiyo da ƙarfe, da kuma allurar bakunan ɗura gas ɗin nan masu murfi shuɗi da ja, waɗanda sau da yawa su ne ɓarayin. A yi haƙuri a tsaya a kan kowane wuri, domin ƙaramin yoyo ba ya tashin kumfa nan take, sai ya tara wasu ƙananan ƙwayoyi farare kamar ƙwan kwaɗo bayan minti biyu ko uku.

A nan zan ja kunnenka da babbar murya. Naitirojin na ce, ba iskar oksijin ta masu walda ba, ba kuma iskar injin faci ba. Oksijin idan ya haɗu da mai a ƙarƙashin matsi yana fashewa, kuma ransa mutum zai iya rasawa. Iskar mai faci kuwa cike take da laima, ita ce babbar abokiyar gabar cikin esi, ban da cewa haɗuwarta da R134a a matse tana iya kama wuta. Idan garejin ba su da naitirojin, ka nemi masu gyaran manyan na'urorin sanyaya gine-gine, suna da shi.

Ita ibaforetar ana iya gwada ta ita kaɗai ba tare da an taɓa dashbod ba. A kwance bututun biyu da ke shiga wajenta daga ɗakin inji, a toshe ɗaya, a ɗura naitirojin ta ɗayan, a bar geji a kai har gari ya waye. In allura ba ta sauka ba sai ɗan abin da sanyin dare ya jawo, to ka ajiye maganar dashbod. Wata hanyar kuma ita ce a zuba rinin nan mai ƙyalli a cikin man esi, a yi aiki da motar kwana biyu, sannan da dare a haska ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashinta da fitila mai shuɗin haske. Ruwan da ya wanko jikin hujajjiyar ibaforeta yana fitowa da kore mai ƙyalli.

Maganar dusashewar sanyi a cikin cunkoso kuwa ba ta gas ba ce, ta iska ce. Idan kana gudu, iskar hanya ce ke huce kwandensa, idan ka tsaya kuma sai fankoki. Motarka tana da babbar fanka a jikin inji mai kulocin da zafi ke kama shi, tana kuma da fankokin lantarki a gaban kwandensa. Ka kunna esi a tsaye ka leƙa ka ga ko suna tashi. Ka kuma sa a raba kwandensa da lagireto a duba tsakaninsu, domin ƙurar hunturu da ganye da gashin tsuntsu suna yin tabarma a wurin, wadda ba a gani daga waje. Ɗaukewar kwamfireso har sai an sake tayar da mota ita ma tana da dalili. Marsandi sun sa na'urar da ke kwatanta gudun kwamfireso da gudun inji, in ta ga sun saɓa sai ta ɗauka kwamfireso ya cije, ta yanke masa wuta don kada bel ya tsinke. Kuloci da mai ya jiƙa yana zamewa, kuma zamewar ta isa ta jawo wannan. Ina kyautata zaton maiƙon nan da ɗaukewar nan uwarsu ɗaya.

Injiniyan Sanyi, Abuja

Baba ya gama magana a kan neman yoyo, Allah ya ƙara masa lafiya, ba ni da abin ƙarawa a wannan fanni. Ni zan ɗauki tambayar gas da mai, domin a nan nake ganin haɗarin da ya fi ɓoyuwa a motarka, Malam Magaji.

An ƙera motarka don R12, wanda tsofaffin masu gyara ke kira firiyon. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta yanke masa hukunci saboda sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafafan hasken rana. Ƙasashe masu arzikin masana'antu sun daina yin sa daga 1996, ƙasashe masu tasowa kuma, har da namu, aka ba su zuwa 2010. Kamfanonin mota sun koma R134a a farkon shekarun 1990, kuma Marsandi na cikin na farko da babbar motarsu W140 ta 1991. Taka ta riga wannan sauyi da kaɗan. Don haka duk wanda ya nuna maka sabon gwangwani yau ya ce R12 ne na asali, ka yi taka-tsantsan da shi. R134a ne hanyar da ta rage maka, sai dai a yi sauyin yadda ya kamata.

Ɗaura kawuna masu murfi shuɗi da ja ba shi ne sauyi ba, shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi sauƙi a cikinsa. Asalin maganar tana ga mai. R12 yana tafiya da man ma'adinai, wanda yake narkewa a cikinsa su zagaya tare. R134a ba ya garwayuwa da wannan mai, saboda haka man sai ya kwanta a ƙasan kwandensa da ibaforeta, ya rage musu aiki, kwamfireso kuma ya riƙa juyawa da ƙishirwa. Man da ke tafiya da R134a iri biyu ne, PAG da esta. Motocin da suka fito da R134a daga kamfani PAG suke amfani da shi, amma a motar da aka sauya, wadda ba a da tabbacin an wanke tsohon mai tas, esta ya fi haƙuri da ragowar da ta saura. In za a sa sabon kwamfireso, a kuma wanke layin gaba ɗaya, to a bi man da mai ƙera kwamfireson ya rubuta. Kowanne aka zaɓa kada a bar gorarsa a buɗe, domin dukansu suna shan laimar iska, PAG ma ya fi.

Diraya dole a sake ta, ba zaɓi ba ne. Ƙwayoyin da ke cikin ta zamanin R12 ba su dace da R134a ba, ga shi kuma layin da ya yi ta yoyo shekara da shekaru ya riga ya ƙosar da ita da laima. Laimar da ta wuce diraya tana daskarewa a bakin ƙaramin bawul ta toshe shi, tana kuma haɗuwa da gas da mai ta zama asid mai cin alminiyam daga ciki. Ita ce za a ɗaura a ƙarshe, a kuma bar murafenta a toshe har lokacin. Zobban roba ma a sake su duka da korayen nan da aka yi don R134a, a shafa musu man esi kafin a ɗaure.

Ina so ka fahimci dalilin da ya sa maganar fanka da Baba ya yi ta ƙara nauyi bayan sauyi. A yanayin zafi matsakaici gas ɗin biyu kusan ɗaya suke a geji: a digiri 35 na ma'aunin Selshiyas R12 yana nuna kimanin 108 psi, R134a kuma kimanin 114. Amma yayin da kwandensa ke ƙara zafi tazarar tana buɗewa, R134a yana ƙara matsi fiye da ɗan'uwansa. Kwandensar 1990 an auna ta ne da R12, ga shi kuma a Kano watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Abin da motar za ta yafe a Jamus ba za ta yafe shi a nan ba.

A wuri ɗaya zan ɗan saɓa wa Baba, da neman afuwarsa. Ni ba zan tsaya ga sake sil ɗin kwamfireso kaɗai ba sai an juye man da ke cikinsa a farin kwano an duba. In ya fito garau ko ruwan zuma, a sake sil a ci gaba. In ya fito baƙi ko toka-toka da ƙyallin garin ƙarfe, kwamfireson ya fara cin kansa, garin kuma ya bazu cikin layi, sai an sake shi, an wanke bututu, an sake bawul.

Ɗan Maraɗi

Salamu alaikum. Alhaji Magaji, ni ba masani ba ne kamar waɗanda suka gabace ni, mai tsohuwar mota ne kawai wanda ya taɓa ƙonewa, kuma a kan abu ɗaya zan yi magana, wato ingancin gas ɗin da ake saye. A wajenmu kilim muke ce wa esi, amma ciwon iri ɗaya ne. Shekara biyu da suka wuce an ɗura mini gas mai araha daga silindar da aka rubuta wa R134a. Rana ta farko sanyin har ya fi na da, a mako na biyu tiyon da ke fita daga kwamfireso ya fashe ina tsaye a bakin kasuwa, farin hayaƙi ya turnuƙe gaban motar. Da wani mai gyara na daban ya ɗaura geji a kan ragowar silindar irin wannan, sai ya ga matsinta ya wuce na R134a nesa ba kusa ba, ya ce an gauraya shi da R22 na esin ɗaki.

Daga wurinsa na koyi gwajin da kowa zai iya yi. A ajiye silinda a inuwa ta huce sosai, a auna zafin wurin, a ɗaura geji. In zafin ya kai digiri 35, R134a zai tsaya wajen lambar da Injiniya ya faɗa, R22 kuwa yana kai wa kusan 180 psi. Sai dai ya gargaɗe ni cewa wannan gwaji ba ya kama kowane algus, domin akwai jabun da ake haɗawa da R40, wanda matsinsa ya yi kusa da na gaskiya amma yana cin alminiyam, har ya haifar da abin da ke kama wuta in ya sha iska. Wannan sai na'urar tantance gas. Akwai kuma masu ɗura gas irin na girki, wanda yake sanyi ƙwarai amma yana ci da wuta, kuma mota mai yoyo ba wurinsa ba ce. Ka sayi gas ɗinka da kanka a rufe daga dillalin da aka sani, ka tsaya a buɗe shi a gabanka. Kuma don Allah kada ka yarda da gwangwanin da ake cewa yana toshe yoyo daga ciki, bawul yake fara toshewa.

Magajin Marsandi, Kano

Baba, Injiniya, da ɗan'uwana na Maraɗi, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na bi abin da kuka ce, ga kuma abin da aka samu. Na kai motar wurin wani mai gyara da ke da naitirojin, muka cika layin zuwa 150 psi. Ba a yi minti biyar ba kumfa ta tashi a bayan kulocin kwamfireso, sannan muka sami wani yoyon ƙarami a inda aka matse babban tiyo da ƙarfe, irin mai ƙwan kwaɗon nan da Baba ya kwatanta. Ibaforeta mun gwada ta ita kaɗai tun la'asar har hantsin washegari, allura ba ta gusa ba sai ɗan kaɗan da asuba, da rana ta ɗaga kuma ta koma wurinta. Na yi hamdala ƙwarai, domin dashbod ɗin marigayi zai zauna yadda ya bar shi.

Fankokin gaba ba sa tashi ko kaɗan da esi, sai inji ya yi zafi sosai suke zabura da ƙarfi, kuma mai wayarin ya gano wata 'yar na'urar rage musu gudu ce ta ƙone. Tsakanin kwandensa da lagireto kuwa mun ciro datti cikin tafin hannu biyu. Man kwamfireso da muka juye bai kai cokali uku ba, ruwan zuma ne mai ɗan duhu, amma na murza shi a yatsa a cikin rana ban ga garin ƙarfe ba. An aika neman sil da diraya da zobba a kasuwar Ƙofar Ruwa, tiyon kuma za a matse sabo.

Saura tambaya biyu. Shin in sake kwandensa da ta zamani tun da an riga an buɗe gaban motar, ko in bar ta asali? Sannan ranar ɗura gas, me zan tsaya a kai in tabbatar an yi, tun da na ga taɓa bututu da bayan hannu ba awo ba ne?

Tsohon Mai Gyaran Esi, Kaduna

Alhamdu lillahi, ɗana, wannan labari ya faranta mini rai. Injiniya kuma ba saɓani tsakaninmu, gaskiya ka faɗa, duba man ya zama dole, kuma cokali ukun nan ya nuna saura ƙiris kwamfireson ya tafi.

Kwandensa ni zan bar ta asali a yanzu, tun da ba ta yoyo kuma ana iya wanke cikinta. Ta zamani mai siraran hanyoyi a jere ta fi fitar da zafi, wannan ba musu, amma sai an yi mata ƙafafu da bakunan tiyo, kuma in datti ya shige ta ba ta wankuwa. Ka fara ganin abin da tsohuwar za ta yi da fankoki masu aiki da fuska mai tsabta. In ta gaza a zafin Afrilu mai zuwa, sai a sake magana.

Ranar aikin, a wanke kwandensa da ibaforeta da bututu da ruwan wankin esi, a busar da su da naitirojin, amma ba a wanke kwamfireso da bawul da diraya da shi. Kwamfireso a zuba masa sabon mai a juya shi da hannu a juye, sau biyu ko uku, sannan a sa adadin da littafin motar ya ce. Bayan an ɗaura diraya a ƙarshe, a haɗa famfon zuƙe iska ta ɓangarori biyu a bar shi yana aiki aƙalla minti 45, awa ɗaya ma ya fi a layin da ya daɗe a buɗe. Amfaninsa ba cire iska kaɗai ba ne, idan matsi ya faɗi ƙasa sosai ruwan da ya maƙale a ciki yana tafasa ya fita. Kada ka damu in allurar geji ba ta kai 30 a ma'aunin zuƙe iska ba, domin Kano tana sama da teku da kusan mita 480, kuma kowace mita 300 tana rage kusan ɗaya, saboda haka 28 da ɗoriya daidai ne a wurinku. A rufe bawul a jira rabin awa, in allura ta koma sama akwai sauran yoyo, kada a ɗura komai. Kuma kada ka yarda da mai cewa zai kori iska da gas maimakon famfo.

Gas da sikeli ake ɗura shi. Ka karanta nauyin da takardar R12 ta faɗa, a sa kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na wannan, wato in ta ce giram 1,000 a fara da 800. Idan inji yana aiki, ta ɓangaren shuɗi mai ƙaramin matsi kaɗai ake ɗurawa, silinda a tsaye ba a kife ba, jan bawul kuma a rufe, domin in aka buɗe shi matsin kwamfireso zai koma cikin silinda. Mai aikin ya sa tabarau, gas ɗin yana daskarar da ido nan take. Gilashin leƙe da ke kan diraya kada a bi shi, da R134a yana iya nuna 'yar kumfa ko da awo ya cika, kuma masu ƙarawa har ya washe su ne ke cika mota fiye da kima. A zafin rana irin namu jan geji, wato na ɓangaren babban matsi, yana iya kai wa 250 zuwa 300 psi, amma in ya ci gaba da hawa a tsaye, ka watsa ruwa a kwandensa, in ya faɗo nan da nan to iska ce ba ta isa ba. Ka sa ma'aunin zafi a bakin iskar tsakiya ka rubuta abin da ya nuna, a kuma manna takarda kusa da ta kamfani mai ɗauke da irin gas da nauyinsa da irin mai da ranar aikin. Bayan haka ka riƙa kunna esin minti goma kowane mako, har da lokacin hunturu, don sabon sil ya riƙa samun mai. In an gama ka kawo mana lambobin geji biyun da zafin ranar, mu duba tare.